CUTAR TOSHEWAR JIJIYOYIN ZUCIYA DA HOTON AWON KALSIYAM

(Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a Rano)



Ina godiya ga kwamitin walwala da ya ba ni wannan dama, ko da yake akwai waɗanda suka girme ni a aikin likita a cikin wannan zaure. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Duk shekara idan Sakatare ya tashi karanta sunayen 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, sai mu ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a ofis, wane ya kwanta lafiya ƙalau bai tashi ba, wane kuma a hanyar asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansu da rahama. Saboda haka ne kwamitin ya aiko mini da tambaya ƙwaya ɗaya: an ji labarin wani hoto da ake ɗaukar zuciya wanda yake nuna haɗari tun kafin ciwo ya bayyana, shin ya dace ƙungiya ta tara kuɗi ta kai kowane mamba a yi masa? Zan ba da amsa, amma sai mun fara sanin cutar tukuna.

MECE CE WANNAN CUTA?

Zuciya tsoka ce da ba ta fi dunƙulen hannun mai ita girma ba. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, tana harba jini wajen lita 5 a kowane minti. To ita ma zuciyar tana bukatar abincinta, kuma ba daga jinin da ke wucewa ta cikinta take samu ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kewaye ta daga waje, manya guda uku da rassansu, kuma faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, watau kamar bututun tawadar biro.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar dogon bayani a nan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, muke ganin yadda ruwa yake bin babbar hanya ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa gonakin Bunkure da Kadawa. Mun kuma san abin da yake faruwa idan aka bar laka da ciyawa suka taru a hanyar ruwa: madatsa cike take, amma gonar da ke ƙarshen layi tana bushewa. Haka lamarin zuciya yake. Kitsen da ke yawo cikin jini, wanda ake kira kolestarol, yakan riƙa kutsawa cikin bangon jijiya sannu a hankali, tun mutum yana saurayi. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba su ne suke raunana bangon, su buɗe wa kitsen ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan taruwar kitse takan ɗauki shekara 20 ko 30 ba tare da mutum ya ji komai ba. Galibi sai hanya ta tsuke da kimanin kashi 70 cikin 100 sannan mutum zai fara jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri ko ya hau tudu, in ya huta kuma ya lafa. Abin da ya fi muni shi ne kumburin kitsen ya fashe farat ɗaya. Nan take jini zai daskare a wurin ya toshe hanyar baki ɗaya, kuma cikin minti 20 zuwa 30 tsokar da ke gaba za ta fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya da muke ji. Ya kamata mu lura cewa kumburin da yake fashewa ba lallai ne ya kasance ya tsuke hanya sosai ba, shi ya sa mutum zai yi sallama da iyalinsa da safe garau, kafin azahar a ji labari.

SHIN CUTAR TURAWA CE?

Da yawa daga cikin likitocin da suka koyar da mu sun tashi ne da sanin cewa wannan cuta ba ta cika kama baƙar fata ba. A shekarun 1960 da 1970 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan sun rubuta cewa da ƙyar suke ganinta. A Zariya kuwa, abin da ya ɗauki hankalin Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa a shekarun 1970 shi ne ciwon zuciyar masu jego, wanda suka danganta da wankan jego da kunun kanwa. Amma zamani riga ne. Wani nazari da aka buga a 2006 daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ƙirga masu wannan cuta 46 cikin shekara 5. Daga baya, tsakanin 2013 da 2018, likitocin zuciya na Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato sun tattara bayanan mutum 1,072 da ciwon ya kawo su asibiti cikin gaggawa. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, biyu cikin uku maza ne, kuma waɗanda suka isa asibiti cikin awa 12 ba su kai rabi ba. Waɗannan su ne suka kai ga manyan asibitoci. Wanda ya faɗi a gona a Tarai ko Rurum aka yi masa sutura kafin la'asar ba ya cikin lissafin kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma toshewar jijiyoyin zuciya ita ce kan gaba a duk abubuwan da suke kashe ɗan Adam. Ba kuma sabuwar cuta ba ce. A 2013 masana sun ɗauki hoton tsofaffin gawawwaki 137 da aka adana tun zamanin da, daga Masar da Peru da wasu wurare biyu, suka sami alamar cutar a jijiyoyin 47 daga cikinsu. A ɗaya gefen kuma, a 2017 an auna mutum 705 'yan ƙabilar Tsimane ta ƙasar Boliviya, mutanen da suke noma da farauta da su, suna wuni a kan ƙafafunsu, sai aka tarar kashi 85 cikin 100 ba su da ko ɗigon alama a jijiyoyin zuciyarsu. Darasin a fili yake. Iyayenmu da suke tafiya kasuwar Rano da ƙafa daga Kibiya, suna cin tuwon dawa da miyar kuka da fura, sun fi kusa da waɗancan mutane. Mu da muka yi boko muka zauna a kujera, daga mota sai ofis, da lemon kwalba da soye-soye da tsire kowane dare, mu ne abin ji.

HOTON AWON KALSIYAM

Yanzu bari mu zo kan hoton da aka tambaya. Idan kitse ya daɗe a bangon jijiya, jiki yakan riƙa zuba masa sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi, kamar yadda tsohuwar butar shayi take yin fari-fari mai tauri daga ciki. Jijiya mai lafiya ba ta da wannan. Saboda haka duk inda aka ga kalsiyam a jijiyar zuciya, shaida ce cewa cutar ta riga ta zauna, kuma yawansa yana nuna yawan kitsen da ya taru. Tun da wuri in kawar da wata fargaba: shan nono ko madara ko tauna ƙashi ba su ne suke kawo shi ba, kada wani ya koma gida ya hana iyalinsa fura da nono.

Na'urar da take ganin wannan ita ce siti sikan, wadda Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙirƙiro, aka fara amfani da ita a kan majinyaci a 1971, har ya sami kyautar Nobel a 1979. A 1990 ne Dakta Arthur Agatston da abokin aikinsa Warren Janowitz, a jihar Fulorida ta Amurka, suka fito da hanyar mayar da abin da aka gani zuwa lamba. Na'ura takan yanka hoton zuciya falle-falle, kaurin kowane falle milimita 3, ta auna faɗin kowane farin ɗigo, ta ninka shi da lamba daga 1 zuwa 4 gwargwadon taurinsa, sannan a haɗa jimla. Wannan jimla ita ce makin Agatston.

Yin hoton ba shi da wahala. Mutum zai kwanta, a manna masa wayoyi a ƙirji don na'ura ta bi bugun zuciyarsa, ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Ba allura, ba ruwan rini, kuma duka-duka bai wuce minti 15 ba. Hasken da yake shiga jiki bai kai rabin wanda kowannenmu yake samu daga ƙasa da sararin sama a shekara ɗaya ba, amma duk da haka ba a yi wa mai juna biyu.

Ga yadda ake karanta sakamako:

1. Maki 0: ba a ga kalsiyam ba, haɗarin bugun zuciya a 'yan shekaru masu zuwa kaɗan ne.
2. Maki 1 zuwa 99: cutar ta fara.
3. Maki 100 zuwa 299: cutar ta yi nisa daidai gwargwado, ana bukatar magani.
4. Maki 300 zuwa sama: cutar ta yi yawa, haɗari babba ne.

Waɗannan lambobi ba da ka aka tsara su ba. Wani babban bincike da ake kira MESA, wanda aka fara a Amurka a shekara ta 2000 da mutum 6,814 masu shekara 45 zuwa 84, farare da baƙaƙe da 'yan asalin Sin da na Latin Amurka, ya bi rayuwarsu shekara da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa mai maki tsakanin 101 da 300 haɗarinsa ya ninka na mai maki 0 kusan sau 8, mai maki sama da 300 kuma kusan sau 10. Har ila yau binciken ya nuna baƙar fata ba su kai farare yawan tara kalsiyam ba, amma idan an same shi, gargaɗin da yake bayarwa iri ɗaya ne.

WA YA KAMATA YA YI, WA BAI KAMATA BA?

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Amfanin hoton shi ne ya raba gardama. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2018 ta ware shi ne ga mai shekara 40 zuwa 75 wanda ba ya jin ciwo, wanda bayan an auna jininsa da kitsensa aka ga haɗarinsa tsaka-tsaki ne, shi da likitansa suna waswasi ko ya fara shan maganin rage kitse da ake kira sitatin ko kuwa ya dakata. Idan maki ya fito 0, ana iya jinkirtawa a sake dubawa bayan shekara 5 ko makamancin haka. Idan ya kai 100, gardama ta ƙare, sai magani.

Waɗanda hoton ba zai ƙara musu komai ba su ne:

Na farko, mai jin ciwon ƙirji. Shi gwajinsa daban ne, watau awon isiji da na jini da hoton jijiyoyi mai ruwan rini, kuma ba ya jira.

Na biyu, wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko aka taɓa yi masa aikin jijiya. An riga an san yana da cutar.

Na uku, mai ciwon sukari da ya haura 40, da mai shan taba, da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya kamu da ƙuruciya. Ko makinsu ya fito 0 ba za a ce su saki jiki ba.

Na huɗu, matashi ɗan ƙasa da 40. Kitsensa sabo ne, bai yi tauri ba, na'ura ba za ta gan shi ba.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci. Hoton tsohon tabo yake gani, ba ya ganin ɗanyen kitse, kuma ba ya faɗin ko hanya ta tsuke ko ba ta tsuke ba. Maki 0 ba lasisin cin kilishi da man shanu ba ne. Daɗin daɗawa, babu maganin da yake wanke kalsiyam ɗin da ya riga ya zauna. Maganin sitatin ma yakan ɗan ƙara makin, domin yana busar da ɗanyen kitse ya mayar da shi tabo mai tauri wanda ba ya saurin fashewa. Saboda haka duk mai tallar magani a mota da lasifika da ya ce muku yana da sassaƙen da yake wanke jijiya tas, ku riƙe kuɗinku. Wanda kuma likita ya tura shi, ya tambaya kafin ya biya, domin ba kowace na'urar siti ce aka haɗa da awon bugun zuciya ba, in kuwa ba a haɗa ba makin ba abin dogaro ba ne.

AMSATA GA KWAMITI

Shawarata ita ce kada ƙungiya ta kwashi kowa da kowa zuwa hoto. Ga dalili. Binciken INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52, aka buga a 2004, ya nuna abubuwa 9 ne suke ɗauke da kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya, kuma daga cikinsu akwai kitsen jini, taba, hawan jini, sukari, tumbi, rashin motsa jiki, rashin cin ganye da 'ya'yan itace, da yawan damuwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake bukatar siti sikan kafin a gano shi. A Nijeriya kimanin mutum 3 cikin kowane baligi 10 suna da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Kuɗin hoton mutum ɗaya zai sayi na'urar awon jini da za ta yi wa ɗaruruwa aiki. Don haka ina roƙon a duba waɗannan:

1. Ƙungiya ta sayi na'urorin awon hawan jini da na sukari, a ba kowane reshe, Rano da Kibiya da Kano da Abuja. Kada a sake buɗe taro sai an auna kowa. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 sau biyu a ranaku daban-daban, a haɗa shi da likita.

2. Duk wanda ya kai 40 ya auna kitsen jininsa. Likitocinmu na ƙungiya su zauna da sakamakon, su ware 'yan kaɗan da hoton zai amfana, ƙungiya ta tallafa wa marasa hali daga cikinsu.

3. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. A taimaka wa 'yan fansho da kuɗin magani, a kuma ƙarfafa wa mambobi shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano.

4. A rage gishiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafi. Wannan magana sai da haɗin kan iyayenmu mata. Su ma su sani cutar ba ta bar su ba, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

5. A yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Ƙannenmu masu sigari da shisha kuma a ja musu kunne.

IDAN ABU YA FARU

Zan rufe da abin da ya fi gaggawa, kuma ina so kowa ya faɗa wa matarsa da babban ɗansa da direbansa. Alamomin su ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, wanda yake iya bi ta hannun hagu ko wuya ko muƙamuƙi, tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi. Mata da tsofaffi da masu sukari wani lokaci kasala da haki kawai suke ji. Babban abin da yake yaudarar mutanenmu shi ne a ce olsa ce, a aika kemis a sayo magani, ko a jiƙa kanwa, a ce bari a ga safiya. Idan ciwo ya kai minti 15 bai lafa ba, a tauna asfirin mai miligiram 300, muddin mutum ba ya da gyambon ciki mai zubar jini kuma asfirin ba ya tayar masa da borin jini, sannan a nufi asibiti mafi kusa a nemi awon isiji. Kada majinyaci ya tuƙa kansa. Maganin narkar da daskararren jini da aikin buɗe jijiya sun fi amfani a awannin farko, bayan awa 12 kuwa amfaninsu ya ragu ƙwarai. Daga nan zuwa Kano ta Bunkure da Ƙarfi tafiyar awa guda ce ko fiye, mutumin Kibiya kuma tasa ta fi haka. Wanda yake da nisa shi ya kamata ya yi sammako. Kowane reshe ya san motar wa za a kira da tsakar dare, tun kafin a bukace ta.

'Yan uwa, na san wani zai ce ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma manomin da ya san arziki na Allah ne bai fasa yashe hanyar ruwansa ba. Marayun da kwamitin walwala yake biya wa kuɗin makaranta sun ishe mu wa'azi, kuma masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Na ga an ajiye tebur a bakin ƙofa, ƙannenmu ma'aikatan jinya suna zaune da na'urar awo. Ina roƙon mai girma Shugaba ya fara miƙa hannunsa, mu kuma mu bi baya.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.